Wake a Tukunyar Cili: Tarihin Wani Abincin Talakawan Amurka

A shekarar 1977 majalisar dokokin jihar Taksas ta ƙasar Amurka ta zauna ta zartar da ƙuduri cewa daga ranar nan abincin da ake kira cili shi ne abincin jiha. Wanda bai san shi ba zai ɗauka wani abinci ne na fada. Alhali kuwa ba kome ba ne illa naman shanu da aka yayyanka ƙanana, aka dafa shi a hankali cikin kitsensa da busasshen jan barkono mai yawa, har romon ya yi kauri ya yi ja wur. Cikakken sunansa da harshen Sifaniyanci shi ne chili con carne, watau barkono da nama. Shekara arba'in cif kafin wannan ƙuduri, duba-garin birnin San Antoniyo, a cikin wannan jiha ɗin dai, sun tashi matan da suke sayar da shi a dandali, wai ƙazanta ce.

Har yau ɗin nan, in kana so ka ga mutumin Taksas ya tayar da jijiyar wuya, to tambaye shi ko ana zuba wake a cikin cili. Zai ce maka sam, cili na gaskiya nama ne da barkono, wanda duk ya sa masa wake ya lalata shi. Kai ka ce a bakinsa aka fara jin karin maganar nan tamu ta wake ɗaya shi ke ɓata gari. Amma in ka leƙa ɗakunan girkin Amurkawa da yammacin ranar hunturu, daga Ohayo har Kalifoniya, galibin tukwanen cilin da za ka tarar bisa wuta da wake a cikinsu. Wannan saɓani nake so mu bi sawunsa. A ganina gardama ce tsakanin mai dafa abinci domin a yaba masa, da mai dafawa domin baki bakwai ko takwas su ƙoshi da ɗan kuɗin cefane, kuma tarihi ya fi goyon bayan na biyun. Kada mai karatu ya ce ina ruwan Bahaushe da tukunyar mutanen Taksas. Barkonon da ke cikin miyarmu daga nahiyarsu ya zo mana, wakenmu kuwa can aka kai shi cikin jiragen bayi.

Kafin zuwan Turawa

Barkono da duk danginsa, watau tattasai da attarugu da shambo, asalinsu nahiyar Amurka ne. Masu binciken kufai sun nuna cewa mutanen ƙasar da yanzu ake kira Meziko suna noma shi tun kimanin shekara 6,000 da suka wuce. Kalmar cili ita kanta daga harshen Nahuwatal ta fito, harshen mutanen Aztek. A wannan yanki ne kuma, da tsaunukan Andis na kudancin nahiyar, aka fara noman irin waken nan mai siffar ƙoda, wanda akwai ja da baƙi da fari da mai dabbare-dabbare. Jinsinsa dabam ne da namu waken, ko da yake dangi ne.

Manoman can suna shuka masara da wake da kabewa a gona ɗaya. Masara ta miƙe, wake ya naɗe ta ya hau, kabewa ta yi yaɗo ta rufe ƙasa ta hana ciyawa tsira, ta kuma tsare laima. Saiwar wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, abin da kowane manomi namu da ke tsarma wake cikin gero ko dawa ya sani ba tare da wani malamin gona ya gaya masa ba. Haka abin yake a cikin ciki ma. Masara ita kaɗai ba ta da isasshen wani sinadari na gina jiki da ake kira laisin, wake kuwa yana da shi. In aka haɗa su a akushi ɗaya sai su tsaya wa talaka a matsayin naman da ba shi da halin saye.

Bayan da Hernán Cortés ya ci birnin Aztek da yaƙi a 1521, wani limamin Kirista mai suna Bernardino de Sahagún, wanda ya iso ƙasar a 1529, ya share shekaru da dama yana tambayar dattawa yana rubuta al'adunsu. A cikin littafinsa ya siffanta masu sayar da barkono iri-iri a kasuwa, da miyar barkono da tumatir da ake dafawa da talotalo ko kifi. Wani tsohon kundi da ake kira Codex Mendoza ya nuna barkono da wake cikin kayan da garuruwa ke biya wa sarki haraji, har ma da hoton uba yana horon ɗansa da hayaƙin barkono. In Aztek za su yi azumi irin nasu, gishiri da barkono suke ƙaurace wa. Ke nan miyar barkono ta girmi Turawa a ƙasar, wake ma haka. Abu ɗaya ne babu: saniya.

Shanu da San Antoniyo

Sifaniyawa ne suka kawo shanu. Kolombus ya sauke na farko a tsibirin Hisfaniyola a tafiyarsa ta biyu a 1493, suka shiga Meziko a shekarun 1520, suka tarar da makiyaya marar iyaka, suka hayayyafa har wasu suka koma na daji. Da Sifaniyawa suka matsa arewa suka kafa San Antoniyo a 1718, da shanunsu suka zo. A 1731 kuma sarkin Sifaniya ya turo mutum hamsin da 'yan kai daga tsibiran Kanari, waɗanda suke daura da gaɓar Maroko, domin su zauna garin. Marubucin tarihin abinci Robb Walsh yana ganin daga wajensu cili ya gaji yawan sa masa kayan ƙamshin nan da Larabawa ke kira kammun, domin girkin Afirka ta Arewa ne ya shahara da shi, girkin tsakiyar Meziko bai cika damuwa da shi ba.

Akwai tatsuniyoyi da yawa game da wanda ya fara dafa cili. Wasu har cewa suke wata 'yar zuhudun Sifaniya ta ƙarni na 17, wadda ba ta taɓa barin garinsu ba, ita ta zo wa mutanen ƙasar cikin wahayi ta koya musu. Wasu kuma su ce matafiya ne suka riƙa kirɓa busasshen nama da kitse da barkono su dunƙule, kamar yadda fatakenmu ke guzurin kilishi, in an yada zango a jefa cikin tafasasshen ruwa. Mu bar waɗannan ga masu hira. Shaida rubutacciya da aka fi dogara da ita ta wani baƙo ce mai suna J. C. Clopper, wanda ya ziyarci San Antoniyo a 1828. Ya rubuta cewa iyalan talakawan garin, in sai sun sayi nama a kasuwa, ɗan kaɗan suke saye ya ishi gida duka, su yayyanka shi mitsi-mitsi, su dafa shi da barkonon da yawansa ya kusan kai yawan yankan naman.

Mai karatu ya lura da wannan shaida da kyau, domin ita ce ginshiƙin maganata. Tun ranar da aka fara rubuta labarin cili, dabara ce ta uwargida mai nama kaɗan da baki da yawa. Barkono shi ne abin da aka fara cika tukunya da shi. Yaji yana sa mutum ya ci wainar masara da yawa da ɗan romo kaɗan, kamar yadda cokali ɗaya na yajin ƙuli kan raka kwano guda na garau-garau. Saboda haka wanda ya zo daga baya ya ƙara wake bai kauce wa manufar abincin ba.

Taksas ta ɓalle daga Meziko a 1836, ta shiga Amurka a 1845. Mutanen San Antoniyo masu jin Sifaniyanci suka wayi gari baƙi a garin kakanninsu, filaye da mulki suka riƙa sulalewa zuwa hannun Turawa masu jin Ingilishi. Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, aka shiga zamanin kora garkunan shanu daga Taksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, zamanin kaboyi ke nan da muka sani a majigi. Sai dai majigi bai nuna mana cewa da yawa daga cikinsu 'yan Meziko ne da baƙar fata ba. Bai kuma nuna mana abin da suke ci ba, wanda galibi wake ne da burodi da gahawa, safe da yamma, daga keken girkin da aka ce Charles Goodnight ya ƙago a 1866. Mutumin da ake kafa hujja da shi a yau cewa cilin maza ba ya son wake, shi ne wanda wake ya riƙe a daji wata da watanni.

Sarauniyoyin dandali

Jirgin ƙasa ya iso San Antoniyo a 1877, ya riƙa kawo baƙi masu yawon buɗe ido. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne kasuwar dare ta Dandalin Soja, a tsakiyar gari. Da la'asar sakaliya, in masu sayar da kayan gona sun watse, sai mata 'yan asalin Meziko su iso da kekunan jakai ɗauke da tukwane da tebura da benci. Sun riga sun dafa cilin a gida, sai su hura itace su ɗora shi ya riƙa ɗumi, su kunna fitilu masu launi, makaɗa na zagayawa da garayarsu ta Sifaniyawa. Da santi goma mutum zai sami kwanon cili da wake da wainar masara. Attajiri da soja da ɗan dako duk benci ɗaya suke zama. 'Yan jarida suka laƙaba wa matan nan suna sarauniyoyin cili, marubuci O. Henry ma ya sa su cikin wani gajeren labarinsa.

Sunan sarauta ne kawai, aikin na wahala ne. Sana'a ce ta gida guda: uwa da kaka suna niƙa barkono da masara bisa dutse tun asuba, 'yan mata suna zuba wa masu saye, maza suna dakon kaya. Duk wanda ya san yadda gida ɗaya a Kano ko Zariya kan dogara da kaskon ƙosai ko tukunyar ɗan wake ya san irin wannan rayuwa. Ga kuma abin lura: wake yana nan a teburinsu kullum, an dafa shi a tukunyarsa dabam, ana zuba shi gefen cili a faranti ɗaya. Masu cewa asalin cili ba wake a cikinsa suna da gaskiya ta wannan fuska, amma tazarar da ke tsakanin waken da naman ba ta wuce faɗin cokali ba.

Hukumar gari ba ta taɓa sakin jiki da su ba. Da aka tashi gina ofishin magajin gari a Dandalin Soja wajen 1889 sai aka kore su, suka yi ta ƙaura daga wannan dandali zuwa wancan. A 1937 hukumar lafiya ta ce lalle sai sun cika sharuɗɗan da aka ɗora wa manyan gidajen abinci, abin da mai tebur da bokitin wanke kwano ba za ta iya ba. Magajin gari Maury Maverick ya maido su a 1939 cikin rumfuna masu raga, amma a farkon shekarun 1940 aka rufe su gaba ɗaya. Masanin tarihi Jeffrey Pilcher ya nuna cewa maganar tsabta tana tafe ne tare da ƙyamar launin fata da kwaɗayin filayen tsakiyar gari. Ba na musun cewa kwanon da aka ɗauraye cikin ruwa ɗaya dare guda yana iya yaɗa cuta. Amma hukumar da ke son gyara famfo take kawowa.

Daga dandali zuwa ɗakin girki

Kafin a kore su, wasu sun riga sun ga kuɗi cikin tukunyar. Wahalar cili ita ce barkonon: sai an jiƙa busasshe, an cire 'ya'yan, an niƙa, ga shi kuma ba a samunsa a arewacin ƙasar. Wani Bajamushe mai suna William Gebhardt, mazaunin garin New Braunfels kusa da San Antoniyo, ya riƙa sayo barkono daga Meziko yana niƙa shi gari, yana gauraya shi da sauran kayan ƙamshi. Wajen 1894 ya fara sayarwa, daga baya ya kafa masana'anta a San Antoniyo, kamfaninsa ya riƙa buga 'yan littattafan girki yana koya wa matan Turawa yadda za su yi amfani da garin. A garin Corsicana kuma Lyman Davis, wanda ya fara tallar cili a 1895, ya shiga zuba shi a gwangwani a 1921 da sunan Wolf Brand. Kamfanin Hormel na jihar Minnesota, can arewa mai nisa, ya fito da nasa a 1935. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Garin yajin Gebhardt shi ya buɗe wa cili ƙofar gidajen da ba su taɓa ganin ɗanyen barkono ba. A nan ne kuma ya sauya kama. Uwargida a Ilinoyi ko Misuri ba ta da dutsen niƙa, ba ta da lokacin hura murhu biyu. Abin da ke gabanta shi ne niƙaƙƙen nama mai araha daga mahauta, da albasa, da tumatirin gwangwani, da jan wake. Sai ta haɗa su duka a tukunya ɗaya, ta barbaɗa garin yaji cokali biyu, ta rufe. Yajin ya ragu, tumatir ya ƙaru, wake ya tashi daga gefen faranti ya faɗa cikin romo. Rabin kilo na nama da da ba zai wuce mutum uku ba, yanzu ya ciyar da shida, gobe ma a ɗumama saura, kuma kowa ya yarda kwanan cili ya fi sabo daɗi, kamar ɗumamen tuwo.

Sa'an nan wahala ta zo ta tabbatar da abin. Tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aiki. Ƙananan shagunan cili suka cika garuruwa, domin da 'yan santi kaɗan mutum zai sami kwano mai zafi, a ba shi busasshen biskit kyauta ya marmasa a ciki. Da aka shiga yaƙin duniya na biyu kuma, gwamnati ta fara rabon nama da kati a watan Maris na 1943, aka riƙa koya wa mata dabarun auki, wake kuwa yana kan gaba cikinsu. Yaran da suka tashi cikin waɗannan shekaru goma sha biyar, cili mai wake suka sani a matsayin girkin uwa, shi suka koya wa nasu 'ya'yan.

Wasu garuruwan ma sun yi nisa fiye da haka. A Sinsinati, 'yan'uwa biyu baƙi daga Masedoniya, Tom da John Kiradjieff, sun buɗe shago a 1922 suna dafa naman da kirfa da kayan ƙamshin ƙasarsu, suna zuba shi bisa taliya, a ɗora cuku, mai so a ƙara masa albasa da wake. Mutanen Meziko kuwa tuni suka ce ba su san zancen ba. Francisco Santamaría, a ƙamusunsa na 1959, ya kira cili abin ƙyama da ake sayarwa a Amurka da sunan Meziko na ƙarya.

Namu waken

Cili ba shi kaɗai ne tukunyar wake a gidajen Amurka ba, kuma kowace in ka bincika za ka tarar aiki ko addini ne ya tsara ta. Mutanen Boston na farko ba su girki ran Lahadi saboda ibada, sai su dafa farin wake da baƙin maɗin rake tun Asabar, ya kwana cikin tanda. Maɗin nan kuwa daga gonakin raken tsibiran Karibiyan yake zuwa, inda bayi ke aiki. A New Orleans Litinin ce ranar wanki, saboda haka mata kan ɗora jan wake da ƙashin naman da ya rage ran Lahadi, ya yi ta dahuwa shi kaɗai suna bakin wanki, da yamma a ci da shinkafa. Mai busa ƙahon nan Louis Armstrong, ɗan garin, har da sunan wannan abinci yake rufe wasiƙunsa. Galibin waɗannan girke-girke da naman alade ake yi musu maiƙo, saɓanin cili wanda asalinsa naman shanu ne. Ɗalibinmu da ya je karatu can sai ya yi tambaya kafin ya sa hannu.

Wanda ya fi shafarmu shi ne na jihar Karolina ta Kudu. Waken da muke ci, mai baƙin ido, a Afirka ta Yamma aka fara noma shi. An tono ƙwayoyinsa a Kintampo ta ƙasar Gana waɗanda suka haura shekara 3,500. Har yanzu Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen nomansa, wanda ya shiga kasuwar Dawanau da kaka ya ga alama. Wannan wake ya ƙetare teku ne a zamanin cinikin bayi. A gaɓar Karolina, inda aka tara bayi daga yankin Sanagal da Gambiya da Saliyo saboda sun iya noman shinkafa, suka ci gaba da dafa shinkafa da wake kamar yadda suka saba a gida. Abincin ya shiga littafin girki na Sarah Rutledge a 1847 da sunan Hoppin' John, kuma har yau mutanen kudancin Amurka, baƙi da fari, suna cinsa ranar sabuwar shekara domin fatan arziki. A Bahiya ta Birazil, inda Hausawa bayi suka yi yunƙurin tawaye a 1807, mata suna soya ƙosai da manja a bakin titi da sunan acarajé, daga akara ta Yarbawa. Nan kusa da mu ma, waakye da mutanen Gana ke ci da safe, sunan daga wake na Hausawan zango ya samo asali.

Jiragen da suka tafi da wake su suka kawo barkono. Fotugis ne suka yaɗa shi a gaɓar Afirka tun ƙarni na 16, ya biyo hanyoyin fatauci ya hauro arewa. Kafin nan kakanninmu da masoro da kimba da citta suke yaji. Duk wanda ya zuba yaji bisa shinkafa da wake a ɗakin cin abinci na jami'a, ya sani cewa kwanon nan nasa bai fi cilin Taksas tsarkin asali ba.

Gasar Terlingua

To, daga ina dokar hana wake ta sami ƙarfi haka? Daga maza masu hali, a lokacin da nama ya yi araha. Bayan yaƙi Amurka ta yi arzikin da ba ta taɓa yi ba, cili ya zama abin alfaharin 'yan Taksas, har shugaban ƙasa Lyndon Johnson yana da nasa, marar wake, wanda matarsa ta sa aka buga yadda ake dafa shi bisa kati ana aika wa masu tambaya. Wani ɗan jaridar Dalas, Frank X. Tolbert, ya wallafa littafi sukutum kan cili a 1966. Shekara ɗaya bayan haka wani marubucin ban dariya mazaunin jihar Niyu Yok, H. Allen Smith, ya rubuta a mujalla cewa ba wanda ya fi shi sanin cili, ya yi wa na Taksas ba'a, kuma nasa da wake yake yi. 'Yan Taksas suka ce ba za ta saɓu ba. Aka sa rana a watan Oktoba na 1967, a wani kufan garin haƙar ma'adini cikin hamada mai suna Terlingua, Smith ya kara da Wick Fowler na Taksas. Alƙalai uku ne: ɗaya ya zaɓi wannan, ɗaya ya zaɓi wancan, na ukun ya ce harshensa ya ƙone ba zai iya hukunci ba, aka tashi kunnen doki.

Abin da aka fara da wasa ya zama gasar shekara-shekara, da ƙungiyoyi da dokoki a rubuce. Cikin dokokin akwai cewa ba a yarda a sa wake ko taliya ko shinkafa ba, domin a cewarsu waɗannan ciko ne. Ta fuskar alƙalanci dokar tana da hujja, gama wake yana shanye romo ya ɓoye gwanintar mai haɗa yaji. Kuskuren shi ne da aka ɗauki dokar gasa aka mai da ita tarihi. Kalmar ciko ɗin nan ita ta tona asirin masu dokar: wanda bai taɓa tsayawa gaban tukunya yana ƙirga kawunan yara ba shi ke raina ciko. Matan da Clopper ya gani a 1828 da ciko suka fara, kuma ba a ga an gayyaci jikokin sarauniyoyin dandali su yi alƙalanci a karawar farko ba, ko da yake shekara ashirin da 'yan kai ne kacal da rufe teburansu.

A daidai shekarun da maza ke gasa a hamada, matan Amurka suna ta fita aikin ofis da masana'anta, tukunyar da ke son awa huɗu bisa wuta ta rasa mai tsaronta. Maganin ya fito daga wata tukunyar wake dabam. Wani Bayahude mai ƙere-ƙere a Shikago, Irving Naxon, ya ji labari wajen mahaifiyarsa yadda a garinsu Vilna ta Lituweniya ake kai tukunyar wake da nama gidan burodi ran Jumma'a da yamma, ta kwana cikin ɗumin tanda, domin ba su hura wuta ran Asabar. Ya ƙera tukunyar lantarki mai dafuwa a hankali, ya sami takardar mallakar fasaharta a 1940, ya riƙa sayar da ita a matsayin tukunyar dafa wake. Kamfanin Rival ya saye ta a 1970, ya fito da ita a 1971 da sunan Crock-Pot. Mace ta zuba nama da wake da yaji da safe, ta tafi aiki, ta dawo ta tarar abinci ya nuna. Sai dai likitoci sun yi gargaɗi cewa ɗanyen jan wake mai siffar ƙoda yana da wani dafi da ba ya mutuwa sai an tafasa shi sosai aƙalla minti 10, zafin wannan tukunya kuwa ba kullum yake kaiwa ba. Shi ya sa ake fara tafasa shi dabam, ko a yi amfani da na gwangwani.

Daga bisani ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin gasar, International Chili Society, ta buɗe wani sabon rukuni ta sa masa suna cilin gida. A wannan rukuni, tukunyar da ba wake a cikinta ba ta shiga gasa.